Yadda Na Rasa Idona Na Dama a Zauren Gidanmu

Assalamu alaikum Malam Edita. A shekarun da ake ta shirin karɓar mulkin kai, ni dillalin shanu ne a kasuwar Kurfi. Ban cika hamsin ba a lokacin, ina da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu, muna gandu ɗaya da yayana a gidan da mahaifinmu ya rasu ya bar mana, mahaifiyarmu kuma tana nan da ranta. Yayana shi ke riƙe da gona da rumbu, ni kuwa kara ce gonata. Sana'ata duk ta ido ce. Tun sa yana nesa nake gane ko ƙoshi gare shi ko kuwa kanwa aka ba shi ya ɗirki ruwa cikinsa ya tashi, in dubi kofato da hanci da yadda yake ɗaga ƙafa in ce a saya ko a bari. Fulanin wajen Wurma in sun koro dabba ni suke cigiya, fataken Dutsin-Ma ma haka. Ba zan ambaci sunan kowa ba, don yawancin waɗanda abin ya shafa sun riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansu kuma ba su yi mini komai ba. Amma abin da aka yi mini zan faɗe shi yadda yake, ba zan rage ba.

Ciwon ya faro mini kamar hayaƙin ɗanyen itace a idon dama. In goge, in wanke, yana nan. Da rana tsaka ya fi tsanani, haske ya watse mini har in kasa bambanta baƙar saniya da ja, sai la'asar ta yi sanyi in ɗan samu sauƙi. Na sha rubutu, na ɗiga zuma, na sa kwalli iri-iri, ba abin da ya ragu, sai ma na hagu ya kama. Na ɓoye iyakar iyawata, amma kara ba wurin ɓoye irin wannan ba ne. Wani Alhaji mai sayen hatsi ya wakilta ni in zaɓo masa shanun huɗa, na zaɓo masa ɗaya mai tsagaggen kofato, aibin da ko wanda ya fara bin kara jiya zai gani. Daga ranar abokan sana'ata suka samu abin yi. Wani ya riƙo akuya ya ce in taya wannan maraƙi, wani ya tsaya ta damata yana kwaikwayon yadda nake ƙanƙance ido, sauran suna ƙyaƙyatawa. Mutanen da ni na koya wa dillanci ke nan. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Malamin asibiti na ɗakin shan magani a Dutsin-Ma shi ya fara gaya mini sunan ciwon. Ya ce yanar ido ce, ba ta jin magani, na sha ko na ɗigawa, sai aiki, kuma a Kano ake yi. Yayana bai so tafiyar ba. Ya ce asibitin Nasara ne, ƙwaƙule idon mutum ake yi a sa masa na kyanwa, wanda ya tsira da idonsa kuma ba ya tsira da addininsa. Na dai tafi bayan an gama girbi, a saman buhunan motar gyaɗa. Likitan, wani Bature mai tsintar Hausa, ya haska mini tocila, ya ɗaga yatsu ya ce in ƙirga, na ƙirga daidai. Sai ya sa tafinta ya yi mini bayani dalla-dalla. Ya ce yana ce a ido biyun, ta dama ta fi yawa, amma ba wadda ta nuna, kuma a irin aikin da suke yi sai ta nuna ake iya ciro ta gaba ɗaya lafiya. Ya ce in koma gida, ranar da na kasa ƙirga yatsun da aka miƙo gabana amma ina gane hasken fitila da inda yake fitowa, to in dawo, kada in wuce haka. In kuma ido ya yi ja ko ya fara ciwo, in bar duk abin da nake yi in taho. Abu na ƙarshe, har da kama hannuna ya yi, ya ce kada in bar kowa ya sa mini ƙarfe ko ƙaya a ido.

Na dawo Kurfi da idona yadda na tafi da shi, wannan dawowa kuwa ita ta buɗe wa kowa baki. Aka ce Nasara ma sun duba sun sallame ni. Ba wanda ya yarda akwai ciwon da likita zai ce a je a jira ya ƙaru. Yayana ya ce ko ni mangwaro ne da za a ce sai na nuna. Damina ta zo ta wuce ina zaune a zaure, ba kara ba gona, don in na shiga noma gero nake sarewa in bar ciyawa. Yayana shi ke ciyar da iyalina, ban musa ba, amma duk kwanon da ya fito da maganarsa a kai. In an buɗe rumbu sai ya ɗaga murya yadda zan ji, ya ce baki ya yi yawa a gidan nan hannu ya yi kaɗan. In baƙo ya tambayi jikina shi ke amsawa, ya ce ai lafiyata ƙalau, jira nake in nuna.

Da kaka sai ga wani baƙo ya sauka a garin, dogo, da baƙin rawani da jakar fata. Aka ce daga can yamma ya fito, aikin ido gadonsa ne, kuma ba ya daɗewa a gari ɗaya. Aka ce ya yi wa wata tsohuwa a Karofi ta tashi ta tafi rijiya da ƙafarta. Yayana ya je ya same shi ba tare da ya shawarce ni ba, suka gama magana, sannan ya zo ya sanar da ni kamar yadda ake sanar da yaro ranar kaciya. Na maimaita masa abin da likita ya ce. Ya ce in na fi yarda da Nasara a kan Musulmi ɗan'uwana, in fito in faɗa gaban jama'a. Mai ɗakina ta sa baki daga bayan danga, ta ce a yi haƙuri a jira tunda an ce a jira. Ya daka mata tsawa, ya ce in ta ƙara tofawa ta tattara ta koma gidan ubanta. Sannan ya shiga wurin Inna ya zuga ta. Tsohuwa ta kira ni tana kuka, ta ce ita burinta ta ga na koma kara kafin ta mutu, in ban zauna an yi mini ba to ba ta yafe mini nononta ba. Na jure ba'ar kasuwa, na jure gorin tuwo, amma wannan ban iya jurewa ba. Na ce a yi.

Da hantsi aka yi, a zauren gidanmu, mutane sun cika har waje ana leƙe. Aka zaunar da ni a tabarma ina fuskantar ƙofa saboda haske. Yayana ya kifa turmi ya zauna ta bayana, ya matse kaina tsakanin gwiwoyinsa, maƙwabta biyu suka danne mini hannuwa. Baƙon ya yi tofi, ya ɗiga mini wani ruwan ganye mai raɗaɗi, ya zaro tsinken ƙarfe daga wani ɗan kube na fata, ya goge shi da gefen rawaninsa. Da na ji sanyin ƙarfen a gefen ƙwayar idona sai gargaɗin likitan ya faɗo mini, na ce a tsaya, na fasa. Da ƙarfi na faɗa, kowa ya ji. Yayana ya ƙara matse gwiwa har kunnuwana suka toshe, ya ce wa mutumin, “Yi aikinka Malam, tsoro ne kawai, ni na san halinshi.” Ban san da me zan kwatanta abin da ya biyo baya ba. Na ji an huda, na ji ana juya tsinke kamar a tsakiyar kaina, sai wani abu ya zame ya faɗa ciki, haske ya shigo mini gaba ɗaya.

Ba zan yi ƙarya ba, na gani. Ba garau ba, amma na ga farin ƙofa da inuwar mutane, baƙon ya ɗaga wani ƙyalle na ce ja ne. Zaure ya ɗauki kabbara, mata suka rangaɗa guɗa daga cikin gida, yayana ya fita waje yana cewa ina masu cewa a jira. Baƙon ya bar ganyen da za a riƙa ɗaurawa, ya ce kada in ci mai, na hagu kuma sai ya zagayo baɗi. Ya ɗauki jakarsa ya bar ƙasar. Bai yi nisa ba ido ya kumbura ya yi jawur, yana ta tsiyaya, ciwo ya kama rabin kaina kamar ana daka a ciki, ina ta amai, ko motsin tabarma ba na son ji. Na roƙi a kai ni Kano. Yayana ya ce dafin ciwon ne ke fita, a ƙara ganye. Da abin ya ƙi, sai ya ce mai ɗakina ce ta sa mini man shanu a tuwo ta ɓata aikin. Sai da aka yi makonni ciwon ya lafa don kansa, ya tafi da hasken duka. Idon ya shanye ya koma ciki, ko rana na kalla da shi baƙi ƙirin. Da mutane suka zo jaje, abin da yayana ke ce musu shi ne ƙaddara ce, kowa da abin da aka rubuta masa. Na yi imani da ƙaddara, amma wannan ƙaddarar na san gwiwoyin da suka riƙe mata kaina. Inna ba ta daɗe ba bayan haka. Kafin ta cika ta nemi gafarata, na yafe mata har zuci, don ita ƙauna da tsoro ne suka sa ta.

Shekara ta zagayo, na hagu yana ta rufewa. Kullum da safe mai ɗakina takan miƙo hannu ta ce nawa ne, in faɗa, har ranar da na kasa, sai dai in an kunna aci-balbal in nuna inda take. Na ce lokaci ya yi. Yayana ya ce ba inda za ni, baƙon ya kusa dawowa, kuma shi ba shi da wanda zai bar aiki ya yi mini jagora. Ranar kasuwar Dutsin-Ma mai ɗakina ta yafa mayafi, ta riƙe kan sanda na riƙe ƙarshenta, matar da ba ta taɓa wuce rijiyar unguwa ita kaɗai ba, muka biyo ta zaure yana zaune. Ya ce in muka taka ƙofar nan kada mu dawo. Ta ce, “To Yaya, Allah shi ba mu alheri,” ta ja ni muka wuce. Wani mai jakuna ya tausaya ya ɗora ni har Dutsin-Ma, can kuma danginta suka sa mu a motar Kano.

Likitan ya daɗe yana duba idon dama. Bai yi mini faɗa ba, kuma hakan ya fi mini faɗan zafi. Ta bakin tafinta ya ce wannan ya tafi har abada. Ya ce tsinken ba fitar da yana yake yi ba, tura ta yake cikin ido ta zauna can tana tayar da ciwo, ga kuma dattin ƙarfen. Ta hagu kuwa ya ce ta nuna daidai, da na ƙara jinkiri ita ma tana iya kawo wata fitinar. Bai ɓoye mini ba cewa kowane aiki yana da haɗari, ido ɗaya ya rage mini, don haka ba za su taɓa ba sai na amince da bakina, in ina so in kwana in yi tunani. Tun da ciwon nan ya fara, ranar ce aka fara tambayar ra'ayina a kan idona. Washegari na ce na amince.

Aka rage mini gashin ido, aka wanke, aka yi ta ɗiga magani, aka yi allura a gefe, ita kaɗai ce ta yi zafi. Ina farke aka yi aikin, ina jin maganarsu da ƙarar ƙarafa a faranti, amma ba ciwo. Wahalar tana bayan aiki, kuma gara mai shirin zuwa ya sani. Aka naɗe mini fuska, aka kwantar da ni rigingine, aka tokare kaina da jakunkunan yashi dama da hagu. Ba juyi, ba tari, ba atishawa, ba yunƙuri, ba goro balle taba. Da ishara nake salla ina kwance, mai ɗakina na ba ni koko da cokali, bayana ya yi tsami kamar zai ɓalle. Ba wanda ya ce in bar addinina, ba a kuma sa mini idon kyanwa ba.

Ranar da aka kwance, na ga haske da launi amma komai a narke, kamar mai kallo ta cikin ruwa. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan, an maimaita. Ma'aikacin da ke kula da ni ya ce in kwantar da hankali, abin da aka cire sai tabarau ya maye gurbinsa. Aka sallame mu da sharaɗin kada in sunkuya, kada in ɗauki kaya, in guji ƙura da hayaƙi, in dawo gwajin gilashi in ido ya warke. Da aka sa mini tabarau ɗin, mai kauri kamar gindin kwalba, abin da na fara gani sosai fuskar mai ɗakina ce, ta rame, furfurar da ban san da ita ba ta fito mata a goshi. Shi ma tabarau sai da na koye shi. Komai ya yi girma ya matso kusa, ƙofa ta lanƙwashe, in miƙa hannu ga buta in kama iska, in zo dokin ƙofa in yi tuntuɓe. A hankali na saba. In na cire shi kuwa, ni da makaho kusan ɗaya ne.

Muka dawo gidanmu na Kurfi duk da maganar yayana, na koma kara da ido ɗaya da gilashi, masu yi mini dariya a baya suka koma kirana mujiya, ban kula su ba. Wata ranar kasuwar Kurfi na hango baƙin rawanin nan a gindin tsamiya, jama'a sun kewaye, an zaunar da wani dattijo manomi ana riƙe da kansa. Ban san lokacin da na keta taron ba. Na cire tabarau, na buɗe ramin idona da yatsu na ce kowa ya zo ya ga aikinsa, na fizge kuben tsinken na jefar na taka. Mutumin ko gezau, ya ce shi bai taɓa ganina ba. Na zaci jama'a za su goyi bayana. Sai suka yo kaina, wani ya ce ɗan koren Nasara ne, wani ya ce hassada ce, aka ture ni, tabarau ya faɗi, na koma lalube a ƙasa tsakanin ƙafafun mutane. Dattawan kasuwa suka zauna a kan maganar, aka kira yayana shaida. Ya tsaya ya ce aiki ya yi kyau, kowa ya ga na gane jan ƙyalle, ni da matata muka ɓata shi da ƙin kiyaye doka, kuma da yardata aka yi. Na ce, “Yaya, don girman Allah, ka ji na ce a tsaya ko ba ka ji ba?” Ya dube ni ya ce bai ji ba. Cikin waɗanda ke tsaye a wurin har da maƙwabtan da suka danne mini hannuwa, ba wanda ya buɗe baki. Aka ce ni ke da laifi, in ba baƙo haƙuri. Dattijon nan kuwa na ji an yi masa aikin washegari a wani gida. Ban san yadda ya ƙare ba, kuma ban iya tambaya ba.

A makon nan na raba gandu, na kwashe iyalina muka zauna a Dutsin-Ma, inda nake har yanzu. Yayana ya yi shekaru bayan haka, muna haɗuwa wurin suna da jana'iza, gaisuwar baki kawai. Na yi ta jira ya ce mini ko sau ɗaya ya yi kuskure, bai ce ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Na yi masa salla, na zuba masa ƙasa. Malamai sun yi mini nasiha in yafe, kuma ina ƙoƙari. Wasu ranakun sai in ga kamar na yafe, sai in zo alwala yatsana ya faɗa ramin nan.

Abin da na koya, Malam Edita, shi ne jiran da likita ya sa ka ba sallama ba ce, shi ma magani ne, ko da duk gari za su yi maka dariya. Duk wanda ya fara ganin hayaƙi a idonsa ya je a duba shi tun da wuri, ya tambayi ko mene ne, ya tambayi yaushe zai dawo da alamar da zai gani, ya riƙe wannan lokaci, kada ya riga shi kuma kada ya wuce shi. Ya tambayi abin da zai tarar bayan aiki, don kada ya firgita kamar yadda na firgita. Mai yawo gari-gari da tsinke a jaka, komai yawan masu yabonsa, ku lura ba ya tsayawa ya ga ƙarshen aikinsa. Ku kuma masu ciyar da marar lafiya, ku ji tsoron Allah. Tuwon da kuke ba shi bai mallaka muku jikinsa ba. Ku ba shi shawara, ku raka shi asibiti, amma in ya ce a tsaya to a tsaya, domin in abin ya ɓaci ku za ku yi jaje ku watse, shi kaɗai zai zauna cikin duhun.

Naku, wani mai karatu daga Dutsin-Ma.